Bin Sawun Shamuwa Daga Anka Zuwa Fadamar Gummi

Talata: Gusau zuwa Anka

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ko shafa addu'a ban gama ba, na ji ana dukan ƙofar zaurena da sanda. Ban tambayi ko wane ne ba. Mutum ɗaya ne a Gusau yake buga ƙofa kamar ya zo kama ɓarawo, shi ne taubashina Malam Bawa, tsohon malamin daji, wanda ya yi shekara talatin yana gadin itatuwa yana leƙen tsuntsayen da ke kansu.

"Mamman! Kai, mutuwa ka yi?"

"Da saura. Ba Alhamis muka ce ba?"

"Alhamis ɗin me? Wani direba ya gaya mini shamuwar Anka ta fara barin sheƙa. Ɗauko jakarka."

To bari in warware muku, don kar ku ce mu biyun mun zare. Kowa ya san shamuwa, baƙar nan mai farin ciki da dogayen ƙafafu, wadda ke zuwa da ruwan farko ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai jifarta. Zuwanta kowa na gani. Tafiyarta ce ba a cika lura ba, don da kaka kowa hankalinsa na kan girbi. Ashe kafin su tafi, na wannan gari da na wancan sukan taru a fili guda, su yi kwanaki suna cin fara, sannan wata safiya su tashi gaba ɗaya su yi kudu. Malam Bawa ya taɓa ganin tashin nan sau ɗaya tak, yana ɗan shekara bakwai, a kafaɗar babansa. Tun daga nan kowace shekara sai ya ce baɗi zai bi su.

Bana kuwa ba shi da tabbacin baɗi. Idonsa ke rufewa. Likita ya gaya masa gaskiya, ba yana ba ce da za a kankare, hasken ne ke janyewa kuma ba ya dawowa. A lokacin nan abu in ya wuce taku ashirin, sai ya gan shi kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen icce. Shi ya sa ya rataya mini tsohon madubinsa na hangen nesa a wuya, ya ce, "Kai ne ido, ni ne kai. Abin da ka gani ka faɗa mini, kar ka ƙara gishiri yadda ka saba."

Na je Agadas, na je Njamena, na je Kumasi da Ikko, amma duk fata ko kanwa ko goro suka kai ni. Ban taɓa shiga mota don tsuntsu ba. Hajiya, maiɗakina, ta leƙo da ƙullin guzuri ta ce, "Tsuntsun nan dai na ci ne?" Na ce na kallo ne. Ta ce, "To Allah ya shirya tsofaffi."

Mun samu fijo mai zuwa Anka, naira ɗari biyu kowa, muka matse mu biyu a gaba. Ta tashi bakwai saura ashirin. Mun wuce Bunguɗu da Maru, a Mayanci muka karya hagu. Nan gaba kaɗan 'yan sanda suka tsai da mu, ɗayansu ya zuba wa ƙirjina ido.

"Baba, wannan fa na mene ne?"

"Na kallon tsuntsu ne, yallaɓai."

"Tsuntsu? Wane tsuntsu?"

Malam Bawa ya ɗaga yatsa ya ce, "Kamar wanda ke kan itacen da kake tsaye ƙarƙashinsa. Cilakowa ce, su biyu ne." Ɗan sandan ya ɗaga kai, ga su kuwa su biyu. Ya karɓi madubin ya leƙa, ya saki baki, ya kira abokin aikinsa shi ma ya leƙa. Sai da direba ya yi ta danna oda suka maido mana da kayanmu.

Tara da rabi muna Anka, gidan Yaya Kulu, yayar Malam Bawa. Ko gaisuwa bai gama ba ya ja ni gindin tsamiyar ƙofar gida. Na ɗaga madubi. Sheƙuna har bakwai, manya kamar kwandon auduga, amma ba kowa ciki.

Yaya Kulu ta ce, "Ai sun tahi tun shekaranjiya. Mi kat tsaya yi, Bawa? Kai dai tun kana yaro ba ka zuwa wuri sai an kwashe tabarmi." Sannan ta juyo kaina. "Kai ko Mamman, tumbin ga naka za ka bi tsuntsu da shi?"

Ta ce 'yan kasuwa sun ga ayarinsu sun yi yamma, wajen ƙasar Bukkuyum. Motar can sai da safe, don haka da la'asar muka fita bayan gari, muka bi wani burtali mai shingen aliyara da cin-da-zugu hagu da dama. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, wake na ta yaɗo. Jama'a, na rantse shekara hamsin ina wuce irin shingen nan ban san kasuwa ce ke ci a ciki ba.

"Me ka gani?"

"Wani ɗan mitsitsi a saman kara, ruwan ƙasa, da farin layi bisa ido kamar ya sa kwalli a karkace."

"Yana sauka ƙasa ya koma inda ya taso?"

"Ga shi ma ya yi."

Ya buga sandarsa a ƙasa don murna. "Baƙo ne! Wannan bai fi kwana uku da isowa ba. Daga bayan hamada yake, daga bayan teku ma, ƙasar Turawa. Sanyi ya koro shi."

Na sauke madubin na dubi abin da idona. Bai kai tafin hannuna ba. Ni da na ratsa rabin hamadar nan a bayan babbar mota, da jarkar ruwa da garin rogo, sai da na yi sati kwance. Na ce masa, "Sannu da hanya, ɗan'uwa, ka fi ni." Daga nan abin ya kama ni. Ga tsattsewa jere a kan waya, ga wasu masu rawayan ciki suna kaɗa wutsiya tsakanin ƙafafun shanu, su ma baƙi ne in ji shi, ga carki maƙale a wuyan sa yana cire kaska. Ina faɗa yana ba ni suna, wani ma kafin in gan shi ya gane shi da kuka. Kiran magariba ne ya maido mu gida, muka tarar da tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa.

Laraba: Bukkuyum da hanyar Adabka

Ƙarfe shida da rabi muka bar Anka a wata bas da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Yaya Kulu ta cusa mana hoce a jaka, ta riƙe hannun ƙanenta ta ce, "In ka gane su ka gaishe su." A Nasarawar Burkullu muka sauka muka canza mota, goma saura muna Bukkuyum. Shekarar nan wayar hannu ta fara shigowa Gusau amma ba ta ƙaraso nan ba, don haka labari sai a bakin mai shayi. Shi ya ce masu zuwa daga Adabka sun ga shamuwa ta rufe wata saura kamar an shanya baƙaƙen riguna.

Muka ɗauki kabu-kabu biyu. Hanyar nan, in na kira ta hanya na yi mata alfarma. Ramuka, yashi, ga rafi biyu da sai mun sauka mun naɗe wando. Mai ɗauke da ni ya ce, "Alhaji, ka riƙe ni da kyau." Na ce, "Ɗana, ko ba ka faɗa ba, yau ni da kai sai mutuwa." Malam Bawa kuwa yana gaba yana ta ihu, "Ku ƙara wuta!" kamar ba shi ne mai jikoki tara ba.

Sha biyu da 'yan mintoci muka isa saurar. Fili ne babba, an zagaye shi da shingen ƙaya. Ba shamuwa ko ɗaya. Sai farin kashinsu ko'ina a ƙasa, da gashi nan da can.

Malam Bawa ya tsuguna yana lalube, ya tsinci gashi guda baƙi, dogo. Ya kawo shi dab da idonsa yana juyawa. Ya sa shi a aljihun gaba, ya ce, "Wataƙila rabona ke nan, Mamman."

Muna nan sai ga wani dattijon Bafillace ya ratso da shanunsa, balbelu na biye. Sunansa Buba. Muka gaisa, ya ce jam, muka ce jam. Ya dube mu, ya dubi madubin, ya tambayi abin da ya ɓace mana. Da na gaya masa bai yi dariya ba, shi kaɗai ne a tafiyar nan bai yi ba.

"Jiya war haka suna nan. Fara ta ƙare musu. Amma ba su yi kudu ba tukuna, yamma sunka yi. Ko wace shekara hwadamar Gummi suka taruwa ta ƙarshe. Akwai wani tudu gab da gonar shinkahwar wani Ɗan'ige, nan nika kai shanu in an yanke. Ku ce Buba ya aiko ku. Amma ku yi sauri, iska ta hwara juyawa."

Ya kai mu rugarsa, aka dama mana fura da kindirmo mai sanyi, ya hana mu ko taɓa aljihu. Malam Bawa da ɗazu ya yi laushi, sai ga shi ya shanye ƙwarya guda yana tambayar ko akwai motar Gummi yau. Babu. Muka koma Bukkuyum jiki duk ya yi tsami, muka sauka a zauren wani tsohon abokin aikinsa.

Alhamis: Gummi

Motar da muka samu a-kori-kura ce ɗauke da buhunan gyaɗa, mu a sama. Ta tashi bakwai, ta tsaya a Ɗaki Takwas aka yi faci, sha ɗaya da rabi muka shiga Gummi. Ƙamshin soyayyen kifi ya tare mu tun daga tasha, amma Malam Bawa ya ce ba ci ba sha sai an ga Ɗan'ige.

Tafiyar minti arba'in ce a ƙasa daga gari. Tun kafin mu ga gonar muka ji ta. Ƙarar gwangwanaye, kwaram-kwaram, da muryar tsohuwa tana "Haaa! Haaa!" Gonar ita ce ta ƙarshe a fadamar, shinkafa ta yi jawur, saura kwana uku a sa mata lauje. An kafa sanduna an ja igiyoyi ta kowane ɓangare, an rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, da zaren tsohon kaset yana walƙiya a rana. Duk igiyoyin sun haɗu a wata rumfa mai tsawo, a kanta wata tsohuwa zaune da majajjawa a cinya. Wannan ita ce Inna Hassi, mahaifiyar Ɗan'ige. Aikinta tun fitowar rana har faɗuwarta shi ne korar jan-baki, 'yan tsuntsayen nan masu zuwa kamar hadari, waɗanda in suka sauka a gona suka yi rabin sa'a sai dai mai ita ya yi salati.

Ɗan'ige mutum ne kakkaura mai yawan fara'a, zai yi shekara arba'in. Da jin sunan Buba ya karɓe jakunkunanmu. Inna Hassi ta leƙo daga sama.

"Su wa ag ga nan?"

"Baƙi na, Inna. Sun zaka kallon tsuntsaye."

"Kallon mi?" Ta ja igiya da ƙarfi. "Ni wata guda ina kore su, wasu sun biya kuɗin mota su gane su! Ku hau nan ku kalla har ku ƙoshi."

Na hau tudun da Buba ya faɗa, na ɗaga madubi. Can ƙetaren ruwa, a wani fili mai ciyawa, ga su nan. Ban iya ƙirgawa ba, baƙi ne kawai shimfiɗe yana motsi.

"Bawa! Ga su! Wallahi ga su!"

Ya fizge madubin ya manna a ido, ya juya nan, ya juya can. Ya daɗe. Sannan ya miƙo mini.

"Hayaƙi kawai nake gani."

Na tambayi Ɗan'ige ko akwai hanyar zuwa can. Ya ce laka ce mai haɗiye sa, jirgi kuma ba ya shiga don ciyawa. Ya ce da can a tudun nan da muke tsaye suke sauka, don nan fara ta fi yawa, ƙarar gwangwani ce ta sa suka koma nesa. Muka yini a wurin. Na ba Malam Bawa labarin kirinjijiya da suka wuce suna fito, da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi a wurin kifi, yana ta gyaɗa kai, amma na san hankalinsa na ƙetare.

A hanyar komawa gari, shi yana gaba da sandarsa, Ɗan'ige ya rage murya ya ce, "Alhaji, mi ad damun idon Malam?" Ni kuma da bakina da ba ya riƙe magana, na zayyane masa komai, har da kafaɗar babansa da maganar likita. Ya ce, "Allah sarki." Ban kawo komai a raina ba. A gidansa muka sauka, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci har na nemi ƙari.

Juma'a: tudun Ɗan'ige

Bayan sallar asuba muka kama hanya mu uku. Na tambayi ina Inna, Ɗan'ige ya ce ya ce mata ta huta yau Juma'a, shi zai yi tsaro. Ya shimfiɗa mana buhu a gindin shingen da ya raba tudun da gonar, ya ce mu zauna kar mu motsa. Rana ta fito. Sai can na lura da wani abu, ba ƙarar gwangwani. Igiyoyi sun saki, har zaren kaset ɗin an naɗe. Ɗan'ige na tsugune kusa da mu, ba a kan rumfa ba.

Kafin in buɗe baki, inuwa ta gifta. Shamuwa guda ta sauko ta dire a tudun, ta gyara fiffike. Sai ta biyu. Sai biyar a tare. Jama'a, sai ga su suna ta kwararowa daga ƙetare, ƙafafu a miƙe, suna sauka kamar ana sauke kaya daga sama. Kafin takwas tudun ya cika, har bayansa, har inda idona ya kai. Suna tafe suna caccakar fara, wasu suka matso har ina ganin shuɗin fuskarsu da ɗan jan da ke gefen ido.

Malam Bawa ya damƙe hannuna, yana raɗa. "Ga ɗaya. Ga wata. Mamman, ina ganin guda shida!"

"Shida? Bawa, bayansu sun fi mutanen kasuwar Gummi."

"To, shidan ma alhamdu lillahi. In rana ta yi zafi za su tashi. Ko inuwarsu na gani ya ishe ni."

Bai rufe baki ba sai na ga ya karkata kai, fuskarsa ta canza. Ni ban ji komai ba tukuna. Sannan na ji, wani shuuu kamar ruwan sama na tahowa a kan kwano. Na waiga. Baƙin girgije ne ya taso daga gabas yana murɗewa, ya yi ƙasa, ya kwanta a kusurwar gonar. Shinkafar ta fara rawa.

"Jan-baki!" in ji Malam Bawa. "Ɗan'ige, ja igiya!"

Ɗan'ige bai motsa ba. Ya harɗe hannuwa, gumi na zuba a goshinsa, ya ce, "Malam, ci gaba da kallonka."

"Kai, shinkafarka suke ci!"

"Na sani. Baƙo ya taso tun daga Gusau don tsuntsu, ya sauka gidana, in tashi in kore mai tsuntsu? Mi za a ce da ni? Ku dai ku kalla, abin da ya saura shi ar rabona."

Kun ji fa. Abincin gidansa na shekara, da iri, da komai, ya shimfiɗa wa baƙi kamar tabarma. Ni na daskare, ban san wanda zan bi ba. Malam Bawa ne ya miƙe. Mutumin da ba ya taku uku sai da sanda, ya bar sandar a ƙasa, ya bi shinge da lalube, ƙaya na yagar rigarsa, har hannunsa ya faɗa kan igiya. Ya san sarai abin da zai kora tare da jan-bakin. Ya kama da hannu biyu ya fizga, ya buɗe murya, "Haaa! Haaa!"

Gwangwanaye suka ɗauka gaba ɗaya. Jan-baki suka tashi suka yi gabas. Tudun nan kuma sai ya ɗaga.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Duk shamuwar nan a lokaci guda, kuma da yake iska suke fuskanta in za su tashi, ita kuwa daga bayanmu take, ta kanmu suka biyo, ƙasa-ƙasa, har iskar fiffikensu ta tuge mini hula. Rana ta dushe. Sama ta zama baƙi da fari, baƙi da fari, ba ta ƙarewa. Na fara ihu, "Bawa, ga su bisa kanka, sun kai..."

"Yi mini shiru! Kar ka faɗa mini! Ina gani da kaina!"

Yana tsaye, igiya a hannu, kai a sama, baki buɗe, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Abin da ya gagari madubi, ga shi ya sauko har inda idonsa ke kaiwa. Suka wuce, suka fara kewayawa suna hawa, suna hawa, har ni ma na koma ganinsu kamar tsaba. Tara da 'yan mintoci suka miƙe kudu. Ko ɗaya ba ta dawo ba.

Muna cikin haka sai ga Inna Hassi tafe da sauri, zane a ɗage, ashe tunanin gonar ne ya hana ta zama a gari. Ta zagaya kusurwar da aka ci, ta murza zangarniya ta ga ƙaiƙayi, ta dawo ta tsaya gaban ɗanta.

"Kai dai Ɗan'ige, uban naka ma haka yat taɓa yanka tunkiyar da muka tatsa don baƙon da ya zaka tambayar hanya. Wa yaj ja igiya?"

Na nuna Malam Bawa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi tafin hannunsa da igiya ta goge.

"To, cikin ku uku makahon ne mai ido. Ka gane su?"

"Na gane su, Inna."

"Madalla. Sai ku biya kuɗin kallo. Ku hau rumhwa."

Asabar da Lahadi: a kan rumfa

Ɓarnar ta tsaya a kusurwa guda, Ɗan'ige ya ce ba ta kai a yi kuka ba, Inna ta ce ta kai. Mun yi maganar mu rage masa asara, ya ɓata rai kamar mun zage shi. Don haka muka biya yadda Inna ta yanke. Kwana biyu cur, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ni da Malam Bawa muna kan rumfa. Shi yana jiyo su tun daga nesa ya ce, "Ga su nan ta hagu," ni in duba da madubi in tabbatar, mu ja igiya tare. Ko ƙwaya ba su ƙara ci ba. Inna na ƙasa a inuwa tana ɓare gyaɗa tana gyara mana ihu, wai nawa kamar na akuya mai mura. Na gwada majajjawa sau ɗaya, dunƙulen laka ya koma baya ya sami tulun ruwanta, aka karɓe.

Tsakanin farmaki kuwa kallo muka sha. Baƙin nan masu rawayan ciki sun cika bakin ruwa, tsattsewa na shawagi a kanmu, har gauraka biyu suka sauka da yammacin Asabar, Malam Bawa ya ce rabonsa da jin kukansu ya fi shekara goma. Ran Lahadi da hantsi masu yanka suka shiga gonar, da rana ta faɗi aka sallame mu.

Litinin: komawa gida

Mun bar Gummi ƙarfe bakwai a fijo mai zuwa Gusau kai tsaye, da ƙullin sabuwar shinkafa da busasshen kifi da Inna ta tura mana tana cewa kar mu sake dawowa sai bayan girbi. A Anka muka roƙi direba ya tsaya minti biyar, Malam Bawa ya leƙa ya ce wa Yaya Kulu ya isar da gaisuwarta. 'Yan sandan Mayanci suka gane mu, mai tambayar nan ya ce, "Baba, an samu?" Muka ce an samu.

Bayan Maru na ga ya jingina ya rufe ido yana murmushi. Na zungure shi na ce, "Tsoho, barci a gaban mota?"

"Ba barci nake ba. Sake kallo nake. A nan ciki ba hayaƙi."

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga Gusau. Na raka shi har ƙofar gida, na ciro madubin zan ba shi, ya maido mini da shi wuya. Ya ce, "Riƙe. In sun dawo da ruwan farko, ka zo ka faɗa mini. A ranar na yarda ka ƙara gishiri."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Yaya Kulu, da Buba da furarsa, da Inna Hassi da ta koya mini sana'a da tsufana, da Ɗan'ige, wanda nake roƙon duk mai zuwa Gummi da kaka, don Allah kar ya gaya masa abin da ya kawo shi sai an gama yankan shinkafa. Hajiya ta tare ni a tsakar gida, ta dubi hannuna duk kanta, ta ji muryata ta dushe, ta ce, "To, ina tsuntsun?" Na ce mun kore shi.